Albam, kwanso ko silab: a ina katunan ƙwallo za su kwana lafiya a Jos?

Wata Asabar ɗan yayata ya zo mini gida a Anguwan Rogo da gwangwanin biskit a hammata. Ya buɗe shi a kan tabarma, sai ga katunan 'yan ƙwallo fal, wasu an ɗaure da robar kuɗi, wasu zube. Ya ce, "Kawu, na tara ɗan kuɗi. Albam zan saya, ko waɗannan robobin masu tauri da nake gani a bidiyo?" Na ce masa ya bari mu zazzage gwangwanin tukuna, domin sai mun ga abin da yake da shi za mu san gidan da ya dace da shi. Maganar ta kai mu har la'asar, ita ce kuma nake son shimfiɗawa a nan, saboda na san akwai irinsa da yawa a garin nan da ke ajiye katuna a inda za su lalace ba tare da sun sani ba.

Ni na fara tara kati ne lokacin da Mikel Obi ke Chelsea. A Jos aka haife shi a 1987, ya kuma taɓa ƙwallo a Plateau United, don haka ranar da wani abokina ya zo mini da fakitocin Match Attax daga Ingila na ci karo da katinsa a ciki, ji na yi kamar an miƙo mini hoton ɗan unguwa. Daga baya Ahmed Musa, shi ma haifaffen garin nan, ya koma Leicester a 2016, sannan ga albam ɗin sitika na Panini na gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, gasar da ya zura wa Iceland ƙwallo biyu. Manya a gida kan zaci karta ce, sai an zauna an yi musu bayani cewa hotuna ne da bayanan 'yan wasa ake tarawa. Yaran yanzu sun ƙara da Pokémon da Yu-Gi-Oh!, kuma duk maganar da zan yi ta shafe su, tunda dukkansu kwali ne da tawada.

Kwali kuwa yana numfashi, wannan shi ne abin da ya kamata mutumin Jos ya fara riƙewa. Yawancin shawarwarin da ake gani a intanet mutanen da ke zaune a ɗakuna masu yanayi ɗaya duk shekara ne ke ba da su. Mu muna kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, zafi bai cika damunmu ba kamar Abuja, amma muna da yanayi biyu masu adawa da juna. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne, a Yuli da Agusta kuma marka kan sa danshin iska ya haura kashi 80 cikin ɗari, har takalmin fata ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, iska ta bushe ƙayau, danshin ya faɗo ƙasa da kashi 30, ƙura mai laushi ta shiga duk inda allura za ta iya shiga. Masu adana takardu a ɗakunan tarihi kan nemi danshi ya tsaya wajen kashi 40 zuwa 50, fumfuna kuma takan fara samun wurin zama idan ya daɗe sama da 65. Ke nan katinka a Jos yakan yi watanni yana shan ruwa, ya yi wata uku yana ƙishirwa.

Wanda yake da kati mai ƙyalli ya riga ya ga wannan da idonsa ko bai san dalili ba. Fuskar katin an shafe ta da wani siririn abu mai sheƙi wanda ba ya shan danshi, bayansa kuwa kwali ne zalla. Da hunturu kwalin yakan tsuke, fuskar ta ƙi tsukewa, sai katin ya yi doro, tsakiyar hoton ta taso. Da damina kwalin yakan kumbura, sai ya lanƙwashe ta ɗaya ɓangaren, fuskar ta yi kwari kamar ludayi. Duba wajen da katinka ya lanƙwasa, za ka san ko ɗakinka ya bushe da yawa ne ko ya jiƙe.

Kafin a zo kan zaɓi, akwai abu guda da ba zaɓi ba ne: 'yar ledar nan mai laushi da ake zura kati ɗaya a ciki, wadda nake kira rigar kati. Ɗari-ɗari ake sayar da ita a fakiti, kuma ita ce mafi araha a duk kayan wannan harka. Duk katin da ka damu da shi sai ya sa riga, ko albam zai shiga ko kwanso, wato robar nan mai tauri. Aikinta ta hana fuskar katin gogar wani abu. A tabbatar dai girman ya yi daidai. Katunan ƙwallo irin su Match Attax da na Pokémon faɗinsu milimita 63 ne, tsawonsu 88, na Yu-Gi-Oh! kuma sun fi ƙanƙanta, 59 da 86, suna da tasu rigar daban. Sitikar Panini ta fi su duka ƙanƙanta, takan yi yawo a rigar kati, amma gara hakan da a bar ta tsirara. Wajen zurawa ake yawan yi wa kati rauni, kusurwa ta kama bakin ledar ta ɗaye, don haka a buɗe bakin da yatsa, a shigar da kusurwa ɗaya a hankali, sannan ɗayar. A kuma wanke hannu a bar shi ya bushe. Da hunturu dukkanmu muna shafa basilin, kuma tambarin yatsa mai maiƙo a kan kati mai ƙyalli ba ya fita salin-alin.

To, albam. Wanda nake nufi shi ne mai shafukan leda, kowane shafi da aljihu tara, uku-uku a jere. Wanda aka fi samu yana da shafi ashirin, gaba da baya, yana ɗaukar kati 360. Babu abin da ya kai shi daɗin kallo. Za ka jera 'yan wasan kulob ɗaya a shafi ɗaya, ka ga gurbin wanda ya rage maka, aboki ya zo ka miƙa masa yana buɗawa ba tare da yatsansa ya taɓa kati ba. Idan aka raba kuɗinsa a kan yawan katunan da yake ɗauka, ya fi kwanso sauƙi nesa ba kusa ba. Ba ya cin wuri, kuma a gidan da ba a son hotuna a bayyane a ɗakin da ake sallah, albam rufe shi kawai za a yi a mayar kanta, babu wanda zai yi magana.

Sai dai albam suna suka tara. Akwai mai zoben ƙarfe a tsakiya irin fayil ɗin ofis, akwai wanda shafukansa ke ɗinke a jiki. Mai zoben da yake zagaye kamar awarwaro shi ne ya fi cutarwa, domin idan aka rufe shi shafukan farko da na ƙarshe sukan zame su shiga ƙarƙashin zoben, katunan da ke layin ciki su sami lotsawa. Lotsawar nan ba ta gyaruwa. Idan dole sai mai zobe, a nemi wanda zobensa ke da gefe ɗaya miƙaƙƙe, kuma kada a cika shi maƙil. A nan Jos ina ƙara masa da wani laifin: ƙarfen yakan yi tsatsa da damina. Na ɗinke ya fi, musamman idan aljihunsa ta gefe yake buɗewa ba ta sama ba, saboda kati ba ya zamewa ya faɗo idan yaro ya ɗauki albam ɗin a kife, ƙura kuma ba ta sauka kai tsaye cikin aljihun. Mai zif ya fi mai igiyar roba. A garin da hazo ke kwana uku bai ɗaga ba, zif ba ƙawa ba ne, shi ne ƙofar gidan.

Abin da ya fi zobe haɗari shi ne irin ledar da aka yi shafukan da ita. Akwai roba mai laushi da ake kira PVC, wadda ake zuba mata wani sinadari mai maiƙo don ta yi taushi. Shekara ɗaya, biyu, sinadarin yakan tsattsafo, shafin ya yi danƙo, ya manne da katin, ranar da ka zaro shi sai ka bar rabin tawadar a jikin ledar. Wadda ake so ita ce wata irin roba da ake kira PP. Idan akwai alamar nan mai kusurwa uku da lamba a ciki, 3 ita ce PVC, 5 ita ce PP. Sau da yawa babu alamar, sai a yi amfani da hanci: shafin da ke warin sabuwar ledar tsakar ɗaki, a mayar wa mai shi. Albam ɗin hotunan biki da ake samu a shagunan Terminus da Ahmadu Bello Way, musamman mai shafi mai gam da ake ɗaga leda a manna hoto, ba na kati ba ne ko kaɗan. Duk wanda ya buɗe tsohon albam na gidansu ya ga yadda gam ɗin ya koma ruwan ɗorawa ya bar layi-layi a bayan hotunan ya san abin da nake nufi. Nan ne araha ba ta ado. Mai saye ta intanet kuma ya nemi a nuna masa bayanin kayan a rubuce, don ba a cinikin biri a sama.

Raunin albam, ko mai kyau ne, shi ne ba ya hana lanƙwasa da dannewa. Ɗora masa littattafai, ko a jibga albam huɗu a kan juna, na ƙasa zai ji a jikinsa. Ni a tsaye nake ajiye nawa kamar littafi, da abin da zai tokare shi ta gefe don kada ya jingina ya karkace. Kuma aljihu ɗaya kati ɗaya. Cusa biyu ko uku yana buɗa aljihun, ya matse gefunan katin.

Kwanso shi ne robar nan mai tauri, fili-fili, mai buɗaɗɗen baki ta sama, wadda masu sayarwa ke kira toploda. Faɗinta inci 3, tsawonta inci 4, ana sayar da ita ashirin da biyar a fakiti. Abin da albam ya kasa shi take yi: kati a cikinta ba ya lanƙwashewa cikin sauƙi, kusurwoyinsa ba sa daƙushewa, ko ya faɗi daga kan tebur babu abin da zai same shi. Idan za ka aika wa wani kati a motar haya zuwa Abuja ko Kano, ko za ka fita da shi wurin musaya, babu abin da ya kai ta. Mai ƙyallin da ke son yin doro ma takan riƙe shi a miƙe, ko da yake ba ta warkar da shi, hana shi motsi kawai take yi.

Wani zai ce ai yanzu na gama zagin PVC, ga shi kuma yawancin kwanson da ita ake yi. Haka ne, amma mai tauri ce, ba a zuba mata man tausasawar nan da ke tsattsafowa. Duk da haka ba a sa kati a kwanso babu riga, domin cikinta yakan karce fuskar katin, musamman idan ƙwayar ƙura ta shiga tsakaninsu. Ƙurar kuwa za ta shiga, tunda bakin a buɗe yake. Wannan ne babban aibinta a wurinmu. Na ga mutane suna liƙe bakin da salatif, bayan wata shida gam ɗin ya narke ya gangara ciki. Abin da ya dace shi ne a zura kwanson gaba ɗaya cikin wata 'yar leda mai baki mai mannewa wadda aka yi don haka. Ka ga ke nan kati ɗaya ya ci abu uku: riga, kwanso, da ledar waje. Lissafa wannan sau ɗari uku, za ka ga kuɗin ya ninka na albam, nauyin ya ninka, wurin ajiyar ya koma kwalaye. Ga shi kuma kallon ya rasa armashi, sai ka yi ta zaro su ɗaya-ɗaya kamar mai neman fayil.

A kula da kauri. Ana auna shi da pt, wato kashi ɗaya cikin dubu na inci. Katin yau da kullum kwanso mai lamba 35 yake shiga. Masu kauri, irin waɗanda aka manna musu ƙyallen rigar ɗan wasa, suna bukatar mai lamba babba, 100 ko 130 ko fiye. Tura mai kauri cikin kwanson da ya yi masa kaɗan ɓarna ce nan take, sakin siriri a cikin mai faɗi kuma zai sa ya yi ta kai-komo yana cin gefensa.

Akwai yayan kwanso, mai murfi biyu da maganaɗisu ke haɗawa. Ya fi kyau a ido, yana tsayuwa a kan tebur, masu yin sa kuma kan ce yana tare hasken rana mai kashe launi. Ya fi tsada sosai, don haka na kati ɗaya ne ko biyu da kake son gani kullum. Ko da shi, kada a ajiye kusa da taga. Rana tana kashe tawada a hankali, sa hannun ɗan wasa kuma shi ne farkon abin da ke dusashewa.

Silab ne ke ruɗar matasa, saboda shi suke gani a bidiyo. Kamfanoni ne a ƙasashen waje, irin su PSA da aka kafa a Kalifoniya a 1991, da Beckett, da CGC, ake aika musu kati su tabbatar na gaske ne, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi ruf a roba mai lamba, wadda ita ce ake kira silab. A irin wannan rufin ne wani katin Pelé na 1958, wanda kamfanin Alifabolaget na Suwidin ya buga, ya haura dala miliyan ɗaya da dubu ɗari uku a 2022. Labarin yana da daɗi, amma a dubi lissafin daga Jos: sai ka tura katin waje, ka biya kuɗin dubawa da dala, ka biya na dawowa, ka jira watanni kana addu'ar kada ya ɓata a hanya. Katunan fakiti na yau da kullum kuwa ana buga su da yawan gaske, kuɗin dubawar kaɗai ya fi darajar mafi yawansu. Ban ga dalilin silab ba sai ga katin da aka buga kaɗan, irin mai lamba a jiki kamar 12/99, wato na 12 cikin 99 da aka buga, ko mai sa hannu, ko tsoho da ba a samu, kuma kana da niyyar sayarwa ga wanda ba zai yarda da maganarka ba sai da shaida. Silab ɗin ma ba a yi shi don ya nutse a ruwa ba, shi ma sai an nema masa wuri busasshe.

Abin da na ɗauka daga masu ba da makin shi ne abubuwa huɗu da suke dubawa: kusurwoyi, gefuna, fuska, da zaman hoton a tsakiya. Na huɗun daga wurin bugawa yake, ba ka da iko a kansa. Ukun farko kuwa a hannunka suke, kuma da su za ka auna duk wata dabarar ajiya da aka kawo maka. Robar kuɗi tana cin gefuna, idan ta tsufa kuma ta narke ta manne a fuska. Gwangwanin biskit yana barin katuna su yi ta karo da juna, kusurwoyi su daƙushe, ga tsatsa a gindi.

Sai laminatin, wanda a kansa nake so in ɗan tsaya, domin ya taɓa ni. Mun saba duk takardar da muke ji da ita, daga takardar haihuwa zuwa sakamakon jarrabawa, mu kai ta shagon kwamfuta a ƙona mata leda. Da wannan tunanin na ɗauki katin Mikel na farko da na mallaka na kai wani shago, don ina son ya daɗe. Na'urar zafi da gam take aiki da su, ledar ta zama ɓangaren katin har abada. Ba ta ɓaruwa sai da fuskarsa. A wurin masu tara kati, wanda aka yi wa laminatin ya tashi daga kati, ba mai musayarsa, ba kamfanin da zai ba shi maki. Garin gyaran gira aka rasa ido. Katin yana nan ina riƙe da shi don abin da yake tuna mini, amma duk lokacin da na gan shi sai na ji ciwon abin, kuma shi na fara nuna wa ɗan yayata kafin komai.

Duk wannan kwatancen na albam da kwanso, a ganina, rabin magana ne. Babu ɗaya daga cikinsu da ke tare danshi. Albam mai zif yana rage ƙura, amma iskar Agusta tana ratsa shi. Kwanso ma haka. Wanda ya kashe duk kuɗinsa a kan kwanso masu tsada ya jera su a kwali a ƙarƙashin gado bai tsira ba. Na yi asarar fiye da rabin abin da na fara tarawa ta wannan hanya: akwatin ƙarfe a ƙasa, jingine da bangon da ruwa ke duka ta waje, ban buɗe ba tun farkon damina har ƙarshenta. Da na buɗe, warin ne ya fara gaya mini. Katunan sun manne da juna, fumfuna ta yi musu ɗigo-ɗigo, waɗanda ke ƙasa sun sha tsatsa.

Saboda haka kafin albam na biyu, a sayi babbar roba mai murfi mai maƙallai, wadda bakinta ke da zagayen roba mai hana iska, irin ta ajiye abinci, mai girman da albam zai shiga. A ciki a sa silika, ƙwayoyin nan da ake gani a 'yar jaka cikin kwalin sabon takalmi. Na kwalin takalmin yawanci sun riga sun ƙoshi da danshi, gara a sayi sabuwa, mai canza launi idan ta cika: mai ruwan lemo takan koma kore, shuɗiya takan koma ruwan hoda. Idan ta canza ba a zubarwa, a gasa ta a oben da ƙaramar wuta ta koma yadda take. A ƙara da ɗan ma'aunin danshi mai batir, wanda bai fi akwatin ashana girma ba, a ajiye shi ta yadda za a iya karanta lambar ta jikin robar ba sai an buɗe ba. A rufe robar ranar da gari ya bushe, ba ranar da ake tsuga ruwa ba, don kada a kulle danshin a ciki tare da katunan.

Da hunturu kuma a rage silikar ko a cire ta. Mutane da yawa ba sa yin wannan, sai su tarar masu ƙyallin nan sun yi doro fiye da da, domin an ƙara wa busasshiyar iska bushewa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Lambar da ke kan ma'aunin ita za ta faɗa maka: ta doshi 60, ƙara silika, ta gangaro ƙasa da 40, cire.

Wurin ajiye robar kuma kanta ce ta tsakiya a cikin wadrob, ba ƙasa ba, ba saman silin ba. Ƙasa ta gara ce da kyankyaso da ɓera, kuma ta ruwa ce. Mutanen Rikkos da Gangare ba su manta da ambaliyar Yulin 2012 ba, wadda ta ci rayuka da gidaje, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ko ba a kai ga haka ba, ruwan da ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa taku ɗaya ya isa ya gama da kwalin da ke ƙasa. Saman silin kuwa, ƙarƙashin kwano, da rana tanda ne, da dare sanyi, wannan hawa da saukar ita ce kwali ya fi tsana. A nisanci bangon da ke haɗe da banɗaki ko kicin. Da sanyi ya tsananta mukan shigo da kaskon gawayi ɗaki, mata kuma ga turaren wuta, hayaƙin duka yana zama a jikin leda da kwali, robar da ke rufe ita ke tare shi. Kada a jefa kafur a ciki, warinsa yana kama kwali ya ƙi fita, kuma kada a fesa fiya-fiya kusa da katuna a buɗe. Mai tafiya da su Abuja ya kiyaye barin su a motar da aka ajiye a rana, zafin cikinta yana iya karkatar da kwanson kansa.

Albam ɗin sitika da aka riga aka manna masa hotuna, irin na Panini, wanda kamfanin ya fara yi wa gasar kofin duniya tun ta Meziko a 1970, shi a kwance yake so, cikin leda mai zif, babu nauyi a kansa, a cikin robar nan dai.

Da muka gama zazzage gwangwanin ɗan yayata, mun kasa katunan gida uku a kan tabarma. Kashi na farko na Pokémon ne da ya saya a bakin makaranta, waɗanda da muka haska su da fitilar waya hasken ya ratsa su sosai, launin bayansu kuma ya sha bamban da na gasken da nake da su. Na ce masa waɗannan na wasa ne, ya ci gaba da wasa da su da ƙannensa, kada ya kashe musu ko sisi. Kashi na biyu, wanda ya fi yawa, katunan ƙwallo ne na gaske amma na yau da kullum, kusan ɗari uku. Su ne na albam. Kashi na uku guda goma sha ɗaya ne kacal: masu ƙyalli, da ɗaya mai lamba, da na Ahmed Musa wanda ya ce ko nawa za a ba shi ba zai sayar ba. Su ne na kwanso, fakiti ɗaya ya ishe shi har da saura. Ya tambaye ni silab fa, na ce ya bari sai ranar da wani katin ya kai a yi masa wannan tafiyar.

Kuɗinsa bai kai ya sayi komai a lokaci ɗaya ba, sai muka jera su bi da bi: riguna da robar mai murfi da silika a fara, albam mai zif ya biyo baya, kwanso a ƙarshe. Ya so ya fara da kwanson don shi ne mai kyan gani, na ce masa damina saura wata biyu, kuma ba za ta jira shi ba. Ma'aunin danshin ni na ba shi nawa na biyu.

A tsakiyar Agusta ya kira ni da daddare, ana ruwa har ba na jin sa sosai. Ya ce, "Kawu, silikar ta koma kore, lambar kuma ta kai 58." Na ce kada ya buɗe robar a daren, ya bari rana ta fito, ya zo da silikar mu gasa ta, ya tafi da wadda na riga na busar.